Matan betta uku a tanki ɗaya, ko mace ɗaya da ƙananan kifaye?

Malam, ka tambaya ko ka sa matan kifin ado na betta uku a tankinka, ko mace ɗaya da ƙananan kifaye. Tunda tankinka lita 60 ne, ka bar zancen matan betta ukun da mai shago yake son haɗa ka da su. Ɗauki mace ɗaya tak, ka sa mata ƙananan kifaye masu sanyin hali.

Betta kifin Tailan ce, ta fadamu da gonakin shinkafa, kuma an daɗe ana kiwonta don faɗa. Macen ma tana da wannan jinin, nata dai bai kai na namiji ba. In biyu ne, babbar za ta hana ƙaramar sakat. In uku ne, biyu su taru a kan ɗaya har ta daina cin abinci. Masu tara matan sukan fara ne daga biyar, a tanki mai tsawo da bai gaza lita 75 ba, a cika shi da tsirrai, a zuba su duka rana ɗaya don tsangwamar ta rarrabu. Yana yiwuwa, ban ce ba ya yiwuwa ba, amma ko an cika sharuɗɗan nan zaman kan yi watanni lafiya sannan ya watse a dare ɗaya, kuma dole ka tanadi mazubi daban ga kowace. Tankinka bai kai ba.

Mace ɗaya kuwa, nan ne za ka ga ainihin halin kifin nan. Da yake ba ta da kishiya, launinta yakan fito sosai, fikafikanta su zauna cif ba yagewa. Za ta riƙa zagaya tankin lungu-lungu tana leƙen ƙarƙashin ganye, kuma ba a jimawa take gane mai ba ta abinci, da ka matso ta taho bakin gilashi. Jelarta gajera ce, don haka ta fi namiji saurin iyo, sauran kifaye ba sa samun abin ja.

A lita 60 sa mata ƙananan kifayen garke da ake kira harlequin rasbora guda takwas, su ne na tsakiyar ruwa, da kuhli loach biyar ko shida a ƙasa. Kuhli ɗin nan kamar 'yan tsutsotsi masu zane suke, suna son yashi mai laushi da maɓoya, tsakuwa mai kaifi tana ji musu ciwo. In ba ka samu rasbora ba, ember tetra goma za su maye gurbinsu. Kada ka rage yawansu don tsimin kuɗi: kifin garke in ya yi kaɗan yakan tsorata ko ya koma cizo. Na zaɓi waɗannan ne saboda suna jure ɗumin ruwa. Neon tetra da ake yawan tallatawa ya fi son ruwan da bai wuce digiri 26 ba, ɗakunanmu na Agege da Idi-Araba a Legas kuwa sukan wuce haka. Tiger barb yana cizon fikafikai. Gourami ɗan uwan betta ne, a saman ruwa ɗaya za su yi ta rigima. Namijin guppy mai doguwar jela, betta kan ɗauke shi abokin gaba. Goldfish na ruwan sanyi ne, ga yawan kashi. Ɗan tarwaɗa ko karfasa kuwa, da sun girma sun cinye kowa.

Betta tana son digiri 24 zuwa 28. A Legas zafi ne matsalarmu, musamman Fabrairu da Maris, sai fa in ɗakin yana kwana da na'urar sanyaya ɗaki, to nan kana bukatar hita mai ɗumama ruwa. Sayi ma'aunin zafi, ka nisanta tankin da taga. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Betta tana da wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, don haka in an ɗauke wuta za ka gan ta garau alhali rasbora suna sama suna haki. Maganin wannan shi ne matatar ruwa ta soso da ƙaramin famfon iska mai batir ko mai caji. Matatar soso ba ta kaɗa ruwa da ƙarfi, abin da betta ke so ke nan. Kuma a sa murfi, suna tsalle.

Kada ka zuba kifi ranar da ka cika tankin. Bar matatar ta yi aiki mako huɗu zuwa shida, kana jefa ɗan abincin kifi, har bakteriyar da ke cinye ammoniya, gubar da kashin kifi ke haifarwa, ta kafu a cikin soson. In gwajin ruwa ya nuna ammoniya da nitirayit (gubar da ammoniya ke rikiɗa ta zama) sifili, sai ka fara da rasbora. Bayan mako biyu kuhli. Betta ce ta ƙarshe, domin in ta riga kowa shiga za ta ɗauki tankin duka a matsayin gidanta. Ajiye ledarta a kan ruwan minti 20 zafin ya daidaita, ka sake ta, ka kashe fitila har gobe. Kora ta 'yan daƙiƙu a kwanakin farko ba komai ba ce. Amma in ka ga tana bin kifi ɗaya ba ji ba gani, ko ka ga jela a yage, cire ta. Wata macen haka halinta yake, ita kaɗai take iya zama. In kuma ita ce ta koɗe, layuka suka fito mata daga kai zuwa jela, ta tsuke fikafikai, to ita ake takurawa ko ruwan ya lalace.

Canza lita 15 duk mako. Ruwan garuwa ba ka san daga ina aka ɗebo shi ba, don haka ka riƙa ɗiga maganin kashe kulorin, ka ware bokitin da sabulu bai taɓa shiga ba. Soson kuma a cikin tsohon ruwan tankin ake matse shi. Busasshen ganyen almon, bishiyar nan mai faɗin ganye da yara ke fasa ƙwallonta, guda ɗaya ko biyu ya isa a jefa a cikin tankin. Ruwan zai yi kalar shayi, kada ka damu. Abincin betta ƙwaya uku sau biyu a rana.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai namijin betta mai gajeren fikafikai da ake kira plakat, wasu kan sayar da shi a matsayin mace, wani da gangan, wani don bai sani ba. Duba ƙarƙashin cikinta: mace tana da ɗan farin ɗigo inda ƙwai ke fitowa. Wannan kaɗai bai isa ba, don ƙananan maza ma kan nuna shi. Kara mata madubi. Namiji zai buɗe gemu mai faɗi a ƙarƙashin kumatu, fikafikansa biyu na ƙarƙashin ƙirji sun fi tsawo da kauri. Wanda ya ce maka betta tana rayuwa a kwalba ba matata, ko ya ce namiji da mace za su zauna tare kullum, kada ka sayi ko abinci a wurinsa. Ka sa mai shago ya ba kifayen abinci a gabanka. In ka ga mataccen kifi a tankin shagon, ko fararen ɗige-ɗige kamar gishiri a jikin ko da ɗaya, bar tankin gaba ɗaya. Wanda ka saya kuma ka killace shi mako biyu a wani mazubi mai lita 20 da famfon iska kafin ya shiga cikin sauran.