Tanis a Manga da Katun na Japan: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Yayata ce ta kira ni bayan sallar isha'i. "Auta, kai ne ka san katun ɗin 'yan Japan ɗin nan. Tun da baffansa ya kawo masa raket yaron nan ya hana ni sakat, wai akwai labarin wani ɗan makaranta mai cin gasar tanis. Faɗa min wanne zan saya, kar in zubar da kuɗina." Na ce, "Yaya, ai ba ɗaya ba ne. Waɗanda na sani sun kai huɗu, kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan." Muka shafe kusan awa guda a waya. Abin da na zayyana mata a daren nan shi ne wannan.

Kafin a taɓa aljihu, gara a san tsanin da waɗannan labarai suke hawa. A Japan ƙaramar sakandare shekara uku ce, kuma yara suna yin wasanni ne a ƙungiyoyin makaranta bayan an tashi daga aji. Gasa takan faro daga gunduma, ta hau matakin jiha, ta kai yanki, sannan ta ƙasa baki ɗaya a lokacin dogon hutun tsakiyar shekara. 'Yan ajin ƙarshe, ranar da aka fitar da ƙungiyarsu ranar suke ajiye raket su koma karatun jarrabawa. Shi ya sa za ka ga ƙato yana kuka a bakin raga kamar an yi masa mutuwa. A wurinsa babu baɗi.

Wanda ya fi bin wannan tsani taki-taki shi ne The Prince of Tennis na Takeshi Konomi, kuma na tabbata shi ɗan yayata yake nufi. Manga ne, wato labari cikin zane irin na Japan, ya fito a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1999 zuwa 2008, aka tattara shi a juzu'i 42. Gwarzon labarin, Ryoma Echizen, ɗan shekara 12 ne da ya dawo daga Amurka bayan ya lashe gasar yara sau huɗu a jere, ya shiga makarantar Seishun Gakuen da ake taƙaita sunanta Seigaku. Guntu ne, kullum da farar hula, ga rainin wayo. Bahago ne, amma sai ya fara wasa da hannun dama don ya auna mutum. In ya gama da kai kuma sai ya ja hularsa ya ce "Mada mada dane", wato da sauranka tukuna.

Daɗin littafin a tsarin karawar yake. Makaranta biyu in sun haɗu wasa biyar ake jerawa, biyu na bibbiyu, uku na ɗai-ɗai, wadda ta fara cin uku ta wuce. Saboda haka Ryoma ba zai iya ɗaukar ƙungiya shi kaɗai ba, dole ka damu da sauran: kyaftin Tezuka da ba ya dariya, Fuji mai murmushin mugunta, Oishi da Kikumaru da suke wasa kamar tagwaye, da Inui mai haɗa wani koren jiƙo da yake ɗura wa duk wanda ya gaza a atisaye. Makarantun da suke karawa da su ma kowace da halinta. Fudomine talakawa ne masu baƙar riga da zuciya, Hyotei 'yan gata ne masu mambobi 200, Rikkai kuwa su ne zakarun ƙasa da ba su san faɗuwa ba.

Wurin da ya kama ni tun farko shi ne karawa da Fudomine. Raket ta suɓuce daga hannun Ryoma, ta daki ƙarfen raga ta karye, guntun ya dawo ya tsaga masa fatar ido. Jini ya ƙi tsayawa. Aka manna masa auduga, kyaftin ya ba shi minti goma kacal, in bai gama ba a janye shi. Ka ga yaro da ido ɗaya a rufe yana tsere da agogo. Sai kuma wasan Tezuka da Atobe na Hyotei, wajen juzu'i na 17 da na 18, inda Atobe yake ɗaga hannu ya ƙyasta yatsa ɗaruruwan magoya baya su yi tsit, sannan ya ja wasan da gangan don ya san kafaɗar Tezuka ba lafiya. Wasan raba gardamar ya ƙi ƙarewa. A ganina har yau Konomi bai zana abin da ya fi wannan ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Tun daga nan tanis ɗin ya fara barin ƙasa. A farko bugun da Ryoma ya yi suna da shi, sabis (bugun da ake fara wasa da shi) mai murɗawa ya taso wa mutum fuska, abu ne da 'yan wasa na gaskiya suke yi. Da aka kai gasar ƙasa sai ga ɗan wasa yana rabuwa biyu don tsabar gudu, wani yana buga ƙwallon da take cilla abokin karawa cikin 'yan kallo, wani kuma yana ɗauke wa mutum ji da gani. Ya zama dambe da raket. Wasu nan ne suke jin daɗinsa, ni ma ban ƙi ba, na sha dariya. Sai dai duk wanda ya saya wa yaro don ya koyi wasa, ya sani ba littafin koyo ya saya ba. Cigabansa, The New Prince of Tennis, wanda ya fara a 2009 a mujallar Jump Square, ya fi wannan hauka nesa ba kusa ba, kuma ya bar gasar makaranta ya koma sansanin 'yan ƙasa da shekara 17. Wannan na waɗanda abin ya riga ya shiga jininsu ne.

Littafi ko katun? A nan na taɓa ƙonewa. Na kai wayata shagon masu tura fina-finai, aka loda min kashi 178 cif, wanda aka nuna a talabijin daga 2001 zuwa 2005, mai shagon yana rantsuwa cewa komai ya cika. Kowane kashi ya haura minti ashirin, jimilla kusan awa 70. Na yi makonni ina kallo, na kai ƙarshe, babu gasar ƙasa. Ashe ita daban aka fitar da ita daga 2006, kashi 26 da aka sayar a faifai. Wanda ya karɓi 178 kawai ya hau tsani ne ya tsaya saura taki ɗaya. Ga shi kuma katun ɗin ya ƙara nasa gishirin: akwai makarantar Josei Shonan da babu ita a littafi, akwai karawar 'yan Japan da 'yan Amurka da aka ƙirƙira don cike lokaci, har wasan ƙarshe na yankin Kanto an sauya masa fasali. Littafin ya fi tafiya kai tsaye. Kamfanin Viz Media ya fitar da juzu'i 42 ɗin duka da Turanci, 'yan'uwanmu na Nijar kuma akwai na Faransanci daga kamfanin Kana mai suna Prince du tennis. Sai dai kafin ka yi ɗoki, ɗauki kuɗin juzu'i ɗaya ka ninka sau 42, ka ɗora kuɗin kawowa.

Na biyu shi ne Baby Steps na Hikaru Katsuki, kuma shi na fi so, ba zan ɓoye ba. Sunan ma ya faɗi komai, tatata irin ta yaro mai koyon tafiya. Ya fito a Weekly Shonen Magazine daga 2007 zuwa 2017, juzu'i 47, ya kuma ci lambar yabo ta manga ta kamfanin Kodansha a 2014. Eiichiro Maruo ɗan ajin farko ne a babbar sakandare, gwanin aji, wanda 'yan ajinsu suke layin aron littafin rubutunsa. Bai taɓa riƙe raket ba. Ya ga takardar tallar wani kulob ne ya je don motsa jiki kawai, ranar farko ko ɗumama jiki bai iya gamawa ba.

Abin da yake da shi ido ne da biro. A hutun daƙiƙa 90 da ake yi in za a sauya gefe, sauran 'yan wasa suna shan ruwa, shi yana duƙe kan littafi yana zana inda kowace ƙwallo ta faɗa, yana lissafa inda abokin karawa ya fi kai bugu in an matse shi. Ya raba filin gida-gida a takarda, yana atisayen jefa ƙwallo cikin gidan da ya zaɓa. Kuma yana faɗuwa, sau da yawa ma, a hannun yaran da suka fara tun suna 'yan shekara biyar. Ba a taɓa sa shi ya yi tsafi ya tashi ba. Yakan koma gida ne ya buɗe littafin ya ga inda ya kuskure. Wanda ya kalli wannan zai fahimci dalilin da ya sa sabis na biyu yake da haɗari, da amfanin ƙwallo mai tsayi a hankali, da yadda ake karya wa mutum lissafi ta hanyar sauya saurin wasa. Har Florida aka tura shi horo na mako biyu, jihar da Kei Nishikori, fitaccen ɗan wasan tanis na Japan, ya koma yana yaro don koyon wasa. A 2014, shekarar da katun ɗin ya fara fitowa a tashar NHK, a ita Nishikori ya kai wasan ƙarshe na US Open, babbar gasar tanis ta Amurka.

Aibinsa biyu ne ga mai saye. Na farko, ba gasar makaranta ba ce irin ta Seigaku. Maruo a kulob yake, gasannin matasa na ɗai-ɗai yake shiga, daga jihar Kanagawa zuwa Kanto, yana harin ta ƙasa, bisa alkawarin da ya yi wa iyayensa cewa in bai ci ba zai haƙura ya koma karatu. Wanda yake neman ihun ƙungiya da tuta ba zai samu sosai ba. Na biyu, katun ɗin zango biyu ne, kashi 25 a 2014 da 25 a 2015, kuma ya tsaya ne da sauran tafiya mai yawa a littafi. Akwai kuma soyayya tsakaninsa da Natsu, yarinyar da ta ja shi cikin wasan. Mai kunya ce, a hankali take tafiya, amma na gaya wa Yaya don kar ta gani daga baya ta ce ban faɗa ba.

Ga mai 'ya mace, ko mai son tsohon zane, akwai kakarsu duka, Aim for the Ace! na Sumika Yamamoto, wanda ya fara a mujallar Margaret a 1973. Hiromi Oka sabuwar ɗaliba ce da sabon koci, Munakata, ya tsallake manya ya zaɓa ta wakilci makaranta, sai tsangwama da hassada suka yi mata caa. Katun na farko kashi 26 ne, Osamu Dezaki ya ba da umarni, a Faransanci kuma Jeu, set et match ake kiransa. Hawaye sun fi dabara yawa a ciki, kocin kuma horonsa ya yi tsanani in aka auna da idon yau. Yaron da ya saba da zanen zamani zai iya cewa ya tsufa.

Stars Align na 2019 kuwa, a yi hattara. Hotonsa na talla yara ne masu fara'a da raket, ƙungiyar makaranta da ake barazanar rushewa in ba ta ci wasa ba. Amma tanis ɗin ma ba wanda muka sani ba ne, na ƙwallon roba ne mai laushi da aka ƙirƙira a Japan. Cikinsa kuma maganar uba mai dukan ɗansa ce da rikicin gidaje, har da batun jinsi da iyaye da yawa za su so su fara gani da idonsu. An tsara shi kashi 24 aka datse shi a 12, ya ƙare a tsakiyar tashin hankali. Aiki ne mai kyau ga babba, ban ba ɗan shekara 13 shi ba.

Sauran 'yan abubuwa ne na kasuwa. Manga daga dama ake buɗe ta zuwa hagu, har akwatunan zanen ma haka ake binsu, abin da yake rikita Turawa amma yaron da ya yi makarantar allo ba sai an koya masa ba. In na hannu za ka saya, duba lambar da ke gadon bayan kowane juzu'i, don rasa ɗaya a tsakiyar wasa ya fi rashin duka ciwo. In manhajar kallo za ka biya, fara bincika ko abin da kake nema yana buɗewa a ƙasarku, domin ba kowace ƙasa ake nuna wa abu ɗaya ba. In turi ne, buɗe kashi biyu ko uku daga tsakiya tun kana shagon ka tabbata akwai fassara a ƙasa. Nawa kashi goma sha wani abu da Japananci zalla suka zo.

Abin da na ce wa Yaya shi ne ta sayi juzu'i biyar na farko na The Prince of Tennis, tun da shi yaron ya roƙa, kuma sun isa ya ga Ryoma ya samu gurbi a ƙungiya ya kara da Fudomine. In ya cinye su yana neman ƙari, a ci gaba har wasan Hyotei, daga nan a sake shawara. Kuɗin da za ta kashe a sauran kuma ta sa masa data ya kalli kashi 50 na Baby Steps, tun da filin yake zuwa da gaske.

Bayan sati uku ta sake kira. "Auta, me ka koya wa ɗana? Ya ɗauke littafin da nake rubuta bashin masu sayen zoɓo ya tafi da shi fili. Jiya kuma na ce ya ci tuwo ya ƙoshi? Ya ja hula ya ce min wai mada mada."