Yaran Kano da suka yi mana manhajar bashin taki: uku da rabi na ba su cikin biyar

Mutane sun ishe ni da kira, wai Sakatare yaya aikin yaran nan da suka yi muku manhaja, mu ma ƙungiyarmu na so. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunan kamfanin ba don akwai inda zan taɓa su, mai so ya same ni ran Lahadi a kasuwar Gujungu in raɗa masa.

Mu dai ƙungiyar manoman rani ce, shinkafa da alkama, muna ba mambobi bashin taki da iri a biya bayan girbi. Da a littafi muke komai, sai wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta koya mana hankali, kowa ya koma taransifa, lissafi ya rikice wa ma'aji, shi ne muka ce a yi mana abin da mutum zai duba bashinsa a waya ya biya.

Kashin farko da suka kawo wlh gwanin kyau, kore shar, har da hoton zangarniya. Ranar da aka taru gindin darbejiya za a gwada ne asiri ya tonu. Sarkin makafin garinmu mamba ne, 'ya'yansa ke masa noma, kuma Android ɗinsa ya fi ni iya ta nesa ba kusa ba don da TalkBack yake aiki, wannan da ke karanta wa mutum abin da ke kan fuskar waya. Ya shafa ya shafa, wayar ba abin da take cewa sai botin, botin, botin, wato maɓalli, ba wanda aka sa wa suna, bai san wanne ne na biya wanne ne na fita ba. Ya miƙo min ya ce Sakatare ai gida kuka gina kuka manta ƙofa. Dattawa kuma rubutun ruwan toka ne siriri a kan fari, cikin rana ba ka ganin komai balle mai yanar ido. Wanda ya biya kore, wanda bai biya ba ja, ba wata kalma a gefe, ashe ma'ajinmu da kansa bai cika bambance launukan nan biyu ba, shekara da shekaru bai taɓa faɗa ba sai ranar. Lambar sirrin da ake turowa kafin tsoho ya laluba ya kwafa ta mutu. Ga yaronmu kurma mai gyaran injin ban ruwa, bayanin yadda ake amfani da abin gaba ɗaya a saƙon murya aka turo.

Da na kira su nan ne raina ya ɓaci. Mai zanen ta ce ita ba a gaya mata akwai makafi ba, mai rubuta manhajar ya ce shi abin da aka zana ya bi, mai gwaji ya ce shi dai ya ga kuɗi na shiga, mai amsa waya ta ce za ta isar, kullum za ta isar. Abin haushin suna da wani ɗan bautar ƙasa da ya san harkar sauƙaƙa wa masu nakasa manhaja ciki da bai, amma sai an gama komai ake nuna masa, kamar a kira magini bayan an yi rufi. Amma fa laifi tudu ne, ni ma da na rubuta musu abin da muke buƙata ban zauna da Sarki ba, ban tambayi shugabar mata ba, ni da ciyaman muka ƙulle ɗaki muka rubuta.

Inda suka burge ni shi ne abin da ogansu ya yi bayan nan. Bai turo mutum ɗaya ya lallashe mu ba, duka ya kwaso su a mota har garinmu aka baje tabarma. Ya sa aka rufe fuskar wayar ta yi baƙi, ya ba mai rubuta manhajar ya ce to biya bashin buhu biyu da kunne kawai. Yaro ya yi ta zufa, Sarki na gefe yana dariya yana cewa a hankali ɗana, mu kullum haka muke. A zaman ne ɗan bautar ƙasar ya samu bakin magana, ya ce akwai ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet da ake kira WCAG, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, bugu na 2.2 ya fito a Oktoban 2023, a ciki har an faɗi yadda rubutu zai bambanta da bangonsa, aƙalla 4.5 bisa 1 a ma'aunin haske da duhu, kuma kar a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, kuma in an sa wa abu lokaci a ba mutum damar ƙarawa. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya na da wata nakasa, na waiga na ƙirga na kan tabarmar na ga ba ƙarya. Da ya ɗauko zancen doka Sarki ya karɓe, ya ce wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ko, ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, ai mun haddace ta, aiki da ita ne ba mu gani ba.

Tsarin da suka fito da shi ba wani mai wuya ba ne. Zane ba ya barin hannun mai zane sai kowane maɓalli na da suna an kuma auna launi. Mai gwaji ba ya sa hannu sai Sarki da yaron nan kurma da tsohuwa ɗaya daga ɓangaren mata sun gwada, kuma ana biyan su ladan lokacinsu, wannan ni na dage a kai. Aka buɗe guruf ɗaya a WhatsApp, mu da su duka, ƙorafi ya daina kwana wurin mai amsa waya. Bayanin ma aka sake shi a bidiyo da maganar hannu, don rubutu kaɗai ba zai wadatar ba, ba kowane kurma ne a ƙauye ya yi makaranta ba.

To me ya hana su biyar? Na ɗaya sun so mu ƙara kuɗi wai gyaran ba ya cikin yarjejeniya, sai da aka kai ruwa rana muka raba. Don haka duk mai shirin ba su aiki, dan Allah a rubuta maganar makafi da kurame da tsofaffi a takarda tun kafin a ba da kafin alƙalami. Na biyu bayan damina sun yi sabuntawa, wani sabon ma'aikaci da bai zo zaman tabarma ba ya ƙara maɓalli ba suna, Sarki ne ya kama, sun gyara cikin kwana biyu amma dai. Manhajar kuma tana cin data, in sabis ya yi ƙasa sai ta yi ta juyi.

Babban abin da ya rage, yawancin matanmu 'yar rakani-kashi ce a hannunsu, manhaja ba ta hawa. Sun yi alkawarin lambar da za a danna irin ta banki tun kafin shukar alkama, yanzu har an sheme ba labari. Jiya ma bayan isha'i Inna ta aiko jikanta da wayar a leda, wai in duba mata saura buhu nawa.