Foka a waya: wane tebur ya dace da ɗan koyo?

Wata Lahadi a Garwa, muna ƙofar gida ana jiran shayi ya nuna, ƙanena ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, wanne zan sauke? Sun yi yawa." Manhajojin foka ne, wato wasan karta na Turawa, jere reras, kowacce da hoton tsabar zinare. Na ce masa tun kafin manhaja, sai ya san wasan da yake nema, domin foka mai katunan tsakiya iri biyu ce aka fi bugawa.

Na farko Texas Hold'em. Karta ce mai kati 52, ana ba kowa biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya waɗanda kowa ke da haƙƙi a kansu: uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin ya ci, ko kuma wanda ya sa kowa ya ajiye katinsa. Na biyu Omaha, inda ake ba ka huɗu, amma dole ka yi aiki da biyu cif daga hannunka da uku daga tsakiya. Nan ɗan koyo ke faɗawa rami. Na ga ƙanena ya miƙe yana murna don katuna huɗu masu alamar zuciya sun fito a tsakiya, shi ma yana riƙe da ɗaya. A Hold'em da ya haɗa biyar masu alama ɗaya. A Omaha bai haɗa komai ba. Don haka ni dai Hold'em nake ba sabon hannu shawara, ya haddace jerin ƙarfi tukuna: biyu iri ɗaya, biyu-biyu, uku iri ɗaya, biyar a jere, biyar masu alama ɗaya, uku da biyu, huɗu iri ɗaya, sai jere mai alama ɗaya a can sama.

Sai maganar inda za a buga. Mafi sauƙi ita ce manhajar da ake karawa da kwamfuta ba tare da intanet ba. Ba ta cin data, ba ta damu da ɗaukewar sabis ba, sai dai bayan mako guda za ka gane halinta kamar na tsohon maƙwabci.

Akwai masu kuɗin wasa na ƙarya irin Zynga Poker, wadda ta fara a Facebook a 2007. Da mutane na gaske kake bugawa, amma tunda ba abin da ke ciwo, wasu kan tura duk abin da ke gabansu da kowane irin kati. Ka koyi haƙuri a nan: as biyu a hannu, wato biyu na kati mafi girma, sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221, yawancin abin da za a ba ka na ajiyewa ne. Ka kuma lura, kyautar tana da ƙugiya. Idan tsabarka ta ƙare za a tallata maka sabuwa da kuɗin gaske, kuma ba ta komawa sefa har abada.

Na uku shafukan da ake zuba kuɗi, wasu har ta wayar hannu. Wannan caca ce, ba wani suna, kuma hukuncinta na nan a Suratul Ma'ida aya ta 90. Ko a lissafin duniya ma, mai shafin yana yankar kasonsa daga abin da aka tara a tebur, ko wa ya ci. Masu shafukan suna son ba da labarin Chris Moneymaker, akawun da ya samu gurbin shiga babbar gasar foka ta intanet ya cinye dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Ba sa ba da labarin waɗanda suka tara masa. Ga kuma matsalarmu ta nan: sabis ya yanke kana tsakiyar wasa, lokacinka ya cika, a ajiye maka kati, abin da ka zuba ya tafi.

Ƙanena ya sauke ta kwamfutar. Da dare kuma ya sayo karta a kanti, muka raba gyaɗa a matsayin tsaba. Kafin a tashi ya cinye rabin tasa da baki.