Kafin ka sauya lagireto da fankar tsohuwar akori-kura

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Kano, rumfunan masu gyaran lagireto kan cika da tsofaffin akori-kura: Hilux mai injin fetur 22R, mai dizal 3L, da ragowar Fijo 504 ɗin da aka haɗa a Kaduna. Kukan kowa ɗaya ne, allurar zafi ta hau. Amsar da bakanike kan bayar ita ma kusan ɗaya ce: "Alhaji, a sa dabul sel, a jona fanka dairek." Dabul sel shi ne lagireto mai layi biyu na bututu. Wani lokaci maganin ke nan. Sau da yawa kuma asarar kuɗi ce, don ba a tsaya an gano inda ciwon yake ba.

Ka fara lura da lokacin da allurar ke hawa. In a cunkoso ne ko mota na tsaye tana aiki, amma da ka miƙi titi ta sauka, iska ce ba ta wadata ba, wato laifin fanka ne. In kuwa sai ka ɗauko buhunan masara ka fara hawan tudu take hawa, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata ko lagireton ya toshe. Akwai na uku: ruwa na raguwa ba ka ga inda yake yoyo ba, kana buɗe murfi da safe ka tayar da mota ka ga kumfa na tasowa. Wannan gasket ne ko kan inji ya tsage, abin da aka san injinan dizal na Toyota irin su 2L da 3L da shi in sun sha zafi. Sabon lagireto ba ya maganinsa.

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna lagireto iri uku za a nuna maka. Akwai na jan ƙarfe da tagulla, irin wanda tsofaffin motocin suka zo da shi. Yana da nauyi, amma in ya fashe a ƙauye mai lagireto zai like shi da dalma, kuma ana iya cire tankinsa a zura ƙarfe a wanke bututun ɗaya bayan ɗaya. Akwai na alminiyam mai tankin roba, wanda ya fi arha, ya fi yawa a kasuwa. Yana sanyaya inji sosai, sai dai robar kan bushe da shekaru ta tsage a wuya, kuma likin gam ba ya daɗewa a wurin. Sai na alminiyam zalla, wanda aka yi wa walda har tanki. Mai kyaunsa ya fi sauran biyun, tsadarsa ma haka, kuma in ya ɓule sai mai waldar alminiyam, wanda ba kowane gari ake samunsa ba. Motar da ke yawon kasuwannin ƙauye, a ganina na jan ƙarfe ya fi dacewa da ita. Wadda ba ta nisa da birni, mai tankin roba ya wadatar.

Batun layuka kuma, kada yawansu ya ruɗe ka. Layi biyu na bututu masu faɗi kan fi layi uku ko huɗu na sirara, don duk yadda lagireto ya ƙara kauri, iska na ƙara shan wahalar ratsa shi. Ka sa mai kauri a gaban fankar da ta gaji, zafin cikin gari yana nan daram. Ka kuma auna tazarar da za ta rage tsakaninsa da fanka. In ta yi kaɗan, faɗawa rami ɗaya ya isa fiffike ya yanki bututu.

Yanzu fanka, inda aka fi tafka ɓarna. Ta asali a Hilux, wadda fambel ke juyawa, tana da kuloci mai man silikon a ciki: in iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi sai ya kama, in ta huce ya saki. Gwajinsa ba wuya. Kashe mota tana da zafi, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta wulwulawa ba turjiya, ko ka ga maiƙo da ƙura sun dame a jikinsa, ya mutu. Na Toyota da yawa ana kwance su a ƙara mai, ko a sayi wani. Wasu kanikawa kan ɗaure shi da noti ya zama dairek. Zafi kan sauka, amma ga ƙugi, ga shan mai, ga wahalar da famfon ruwa. Sannan ka duba kwandon robar da ke kewaye da fankar. Motoci da yawa an jefar da nasu tun wani gyara da ya wuce, alhali shi ke tilasta wa iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta gefe.

Fankar lantarki tana da amfaninta, musamman a cunkoso, don gudunta bai dogara da gudun inji ba. Amma babba kan ja amfiya 20 ko fiye, altanetar tsofaffin motocin nan kuwa da yawa ba ta wuce 40 zuwa 60 ba. Ka haɗa da fitilun dare, batir ya fara kwanciya. Ƙananan da ake sayarwa da arha kuma ba sa jan iskar da fankar inji mai lafiya ke ja. Don haka motar kaya ta riƙe fankarta ta asali, a ƙara mata ta lantarki a gaba a matsayin taimako, da rile da fiyus da maɓallin da zafin ruwa ke kunnawa. Bayan an jona, ka kara takarda a gaban lagireto: in ta manne, iska na tafiya daidai, in ta ture ta, an juya wayoyin.

Ƙananan abubuwa uku kan lalata duk wannan aiki. Murfin lagireto yana da lamba a kansa, galibi 0.9 ko 1.1, kuma matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120; murfin da robarsa ta cinye ba ya riƙe komai. Tamostat, wanda ake yawan cirewa da sunan "na ƙasar sanyi ne", shi ke tsayar da inji a zafin aikinsa, na Toyota da yawa yana buɗewa a digiri 82. In ya maƙale, a sauya shi. Sai ruwan rijiya da na burtsatse, wanda gishirinsa ke daskarewa a bututu. Sabon lagireto a zuba masa kulant, ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji.

Ranar saye ka ɗauki tsohon ka tafi da shi, a jera su a ƙasa, a gwada tsawo, wurin noti da bakin tiyo na sama da na ƙasa. Mai giyar otomatik ya tabbatar akwai bakin bututun man giya a tankin ƙasa. In na Beljiyam ne, a toshe bakunansa, a hura masa iska a cikin bahon ruwa a gabanka, ka kuma leƙa wuyansa da tocila ka ga ko bututun sun daskare da farin gishiri kafin ka biya.