Na kai mussata hoton ƙoda, ga yadda ta kaya

Wata goma sha huɗu ke nan da na sayi mussata 'yar Farisa, wadda masu saidawa ke ce ma Fashiyan, hannun wani mai talla a Instagram, fara tas hanci a lotse gashi kamar auduga. Bai gaya min komi ba kan iyayenta ni ma ban tambaya ba. Satin da ya wuce na kai ta wani asibitin dabbobi nan cikin Sakkwato saboda hawayen da ke zubo mata kullum har wurin ya yi ja.

Likitan ya ce hawayen daga ƙirar fuskarta ne, hanyar hawaye ta tanƙware, sai dai a riƙa gogewa da auduga da ruwan ɗumi. Sannan ya ce Hajiya an taɓa yi mata hoton ƙoda? Na ce a'a. Nan ya zaunar da ni ya yi min bayanin PKD, ciwon gado ne da ya yi yawa ga irin wagga mussa, ƙulli masu ruwa ke fitowa cikin ƙoda tun haihuwa suna girma sannu sannu, ita ko tana wasanta lafiya lau, galibi sai ta kai wajen shekara 7 a ga ta fara shan ruwa da yawa da yawan fitsari tana ramewa, lokacin ƙodar ta riga ta ci wuya. Kuma uwa ko uba ɗaya ya isa, kowane ɗa da anka haifa rabi da rabi ne ya gada.

Munka yi hoton. An aske mata gashi kaɗan gefen ciki, bai kai rabin awa ba, ya juyo da allon ya nuna min ƙulli biyu ƙanana ga ƙodar hagu. Wallahi sai da na yi kuka. Abin da na yaba mishi bai ɓoye min ba cewa babu maganin da ke warkarwa, kuma bai tura min kwalaben banza ba, ya ce ruwa ko'ina cikin gida, abinci mai laima, gwajin jini duk shekara, kar in kuskura in ba ta farasitamol don kashe mussa yake, kuma kar ta haihu. Ƙanwata har ta kama ɗiya biyu tun ba a haifa ba, na kira ta na ce ta haƙura.

Inda sunka gaza wurin jira ne. An ɗauke wuta babu fanka, ga zafin Afrilu da ke wuce 40, mussa mai lotsattsen hanci ba ta jure wanga zafi, har ta buɗe baki tana haki sai da na jiƙa tawul na shimfiɗa mata. Ranar gwajin jini ƙarfe takwas na safe zan kai ta.