SQLite, DuckDB ko PostgreSQL: wanne zai riƙe maka bayanan manhajarka?

Bara wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya sa na haɗa masa manhajar intanet. Yaran shagonsa huɗu za su riƙa shigar da ciniki ta wayoyinsu, shi kuma ko yana gida ya ga abin da ya fita da abin da ya rage a sito. Da na kai masa lissafi, sai ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, "Malam, wannan na wata-wata kuma na mene ne?" Kuɗin hayar sabar ta biyu ne (sabar ita ce kwamfutar da manhajar intanet ke gudana a kanta), wadda rumbun bayanai zai zauna a kai shi kaɗai, ga shi da dala ake biya. Na koma gida na auna, na ga babu abin da aikinsa zai yi da ita.

PostgreSQL da MySQL manhajojin rumbun bayanai ne masu zaman kansu. Sai an kunna su, an ba su kalmar sirri, ana sabunta su, sannan manhajarka ta riƙa aika musu tambaya tana jiran amsa. Ko ka zaunar da su a sabar ɗaya da manhajarka, za su ci nasu kason na ƙwaƙwalwa. Ɗaya nau'in kuwa a cikin manhajar yake zaune, bayanan duk suna kan faifan da ke gabanta.

A wannan nau'in SQLite ne babba. Richard Hipp ya fitar da shi a 2000, kyauta ne, kuma yana cikin kowace wayar Android da iPhone da ake sayarwa a Farm Centre. Rumbun gaba ɗaya fayil guda ne. A cikin kayan gina manhajar intanet, Django da shi yake farawa, Laravel ma tun fitowa ta 11 a 2024 ya koma haka. Masu SQLite sun ce shafin da buɗe shi bai kai sau 100,000 a rana ba, SQLite zai riƙe shi lafiya lau. Shaguna, makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci nawa ne a Kano suke kusa da wannan adadi?

Rauninsa shi ne rubutu: mutum ɗaya ne ke rubutawa a lokaci guda, sauran su jira. Idan ba ka gyara saitinsa ba, wata rana za ka ga ya ce rumbun a kulle yake. Maganin bai da wuya. Ka kunna tsarin WAL, wanda ya shigo a 2010 kuma yake fara rubuta canje-canje a wani fayil na gefe, domin masu karatu su ci gaba da aikinsu ko ana rubutu, sannan ka ba shi daƙiƙa kamar biyar na jira kafin ya haƙura. Shigar da ciniki ɗaya bai kai ƙiftawar ido ba, don haka yaran Alhaji ba su taɓa sanin suna bin layi ba. Ka kuma kunna dokar alaƙa tsakanin tebura (jadawalolin da bayanai ke ciki) da hannunka, don a kashe take zuwa. In ka manta, zai karɓi rasit na kayan da babu su a rumbun.

DuckDB, wanda aka ƙirƙira a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam, aikinsa daban ne. Gwani ne wajen tattara lissafi, kamar a ce dillalin hatsi a Dawanau yana son jimillar buhunan da ya sayar wata-wata na shekara biyar. Amma ban ba ka shawarar ka ɗora masa cinikin yau da kullum ba, ba don haka aka gina shi ba. LevelDB na Google da RocksDB na Facebook kuwa ba su san SQL ba, wato harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, sunan abu da ƙimarsa kawai suke ajiyewa. In har kana tambayar ko kana buƙatarsu, to ka wuce su.

Inda zan ce ka biya kuɗin PostgreSQL ba tare da ja-in-ja ba shi ne idan manhajarka za ta gudana a sabar fiye da ɗaya, ko mutane masu yawa za su riƙa rubutu a lokaci guda. Raba fayil ɗin SQLite tsakanin kwamfutoci ta hanyar sadarwa yana iya lalata shi. Kafin ka kama hayar sabar kuma, ka tambayi kamfanin ko faifansu na dindindin ne, domin akwai kamfanonin da ke share faifai duk lokacin da manhaja ta sake tashi.

Ni abin da ya taɓa ƙona ni ajiya ce. Na taɓa kwafe fayil ɗin zuwa filasha ana tsaka da rubutu, ranar da na nemi kwafin ya ƙi buɗewa, cinikin kwana uku sai daga littafin rasit muka sake shigar da shi, ni da yaro ɗaya, har bayan isha'i. Yanzu da umarnin ajiya na SQLite ɗin kansa nake kwafa, sannan wata manhaja mai suna Litestream tana tura duk canjin da aka yi zuwa wata ma'ajiya ta daban a intanet. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan sauke kwafin a kwamfutata, in buɗe shi, in duba ko cinikin Alhamis yana ciki.