Mannen rataya hoto na Command: abin da ya iya da inda ya tsaya

Sabon gida yana da kwarjini. Fenti na ƙyalli, bango fes, sai mutum ya ɗauki guduma da ƙusa ya tsaya yana tausayin bangon. In haya ce kuma, ga sharaɗin mai gida na kada a huda masa ko'ina. Da haka hotuna ke tsufa a cikin kwali a bayan kujera. Namu ma can suka yi ta zama bayan mun tare. Labule ya hau, kafet ya sauka, amma baƙo in ya shigo falon babu abin da zai nuna masa su wane ne ke kwana a gidan.

Abin da ya fito da su daga kwalin shi ne mannen rataya hoto na Command, na kamfanin 3M da ke jihar Minnesota a Amurka, wato masu yin takardar Post-it da salatif ɗin Scotch. Tun 1996 suka fito da kayan Command, don haka ba baƙon abu ba ne, ni ce dai na daɗe ina yi masa kallon wasan yara.

Ɗan siriri ne, bai fi tsawon yatsa ba sosai, kuma bibbiyu ake amfani da shi. Bayansa gam ne, gabansa kuma wasu ƙananan haƙoran roba ne da ke cafke juna kamar ƙarangiya ta samu zane. Ɗaya yana manne a bayan firam, ɗan'uwansa a bango, in ka danna sai ka ji ƙas-ƙas, sun kulle. A ƙasan kowanne akwai ɗan harshe marar gam, kuma duk hikimar abin tana nan. Ranar da za a cire, harshen ake kamawa a ja shi ƙasa a hankali, yana bin jikin bango. Sai ya yi ta miƙewa, har kusan santimita 38, gam ɗin yana sakin fenti kaɗan-kaɗan har ya fita gaba ɗaya. Da na fara gwadawa, sai da na shafa wurin da tafin hannu, na haska da fitilar waya ta gefe, ban ga tabo ba. Amma wanda ya fizgo shi wajen ƙirjinsa, to ya shirya ganin fenti a hannunsa, kuma takardar bayanin ta faɗi haka ɓaro-ɓaro.

Wannan takarda a karanta ta, don kusan duk wanda na ji yana kuka da mannen, in ka bi diddigi za ka tarar ya tsallake wani abu a cikinta. Ana goge bango da sifirit ɗin da ake goge wurin allura, ba da ruwan sabulu ko maganin goge tayil ba, saboda suna barin santsi. A danna firam ɗin da ƙarfi na daƙiƙa 30, sannan a ɗaga shi daga ƙasa a cire, a sake danna waɗanda suka rage a bango, a ba su awa ɗaya kafin a mayar. Wannan awa ɗayan ita ce ta fi wuya, musamman in yara na tsaye suna tambayar yaushe za a gama. In kuma ba a daɗe da yin fenti ba, sai an jira kwana 7. Masu sabon gida su riƙe wannan da kyau, don fenti yakan bushe a ido alhali bai gama ƙanƙamewa ba.

Manya guda huɗu bibbiyu suna ɗaukar kimanin kilo 7, ƙananan kuwa kusan kilo 2. Kada a yi kirdadon nauyi da hannu, gilashi yana da ha'inci. Ni kan hau sikelin banɗaki riƙe da firam, in sake hawa hannu sake, in cire wannan daga wancan.

Abin da ya sa na yarda da shi har nake wannan rubutu ba ƙarfinsa ba ne, ƙusa ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ba mutum damar canza shawara. Wanda ya tare yau bai san gidansa ba tukuna. Bai san inda rana ke faɗowa da la'asar ba, bai san kujerar da kowa zai riƙa rububi ba, bai san lungun da yara za su mayar fadarsu ba. Ƙusa tana so ka yanke hukunci tun ranar farko. Hoton mahaifina na fara sa shi a saman talabijin, inda kowa ke sa babban hoto. Daga baya na lura babu mai kallonsa, ido yana kan allo. Na dawo da shi ɗan lungun da ke tsakanin falo da ɗakina, daidai idona, kuma yanzu ba na wucewa ban gan shi ba. Yana sanye da tabaran nan da ƙafarsa ɗaya ta karye ya ɗaure da zare. A saman talabijin zaren ba ya ganuwa.

A nan in yi ɗan ratse. Mutane suna yawan kai hoto can sama kusa da silin, sai an ɗaga kai. Gidajen nune-nunen zane sukan sa tsakiyar hoto wajen santimita 145 daga ƙasa, kuma da na bi wannan awon falon ya zauna. A ɗakin yara ma ƙasa da haka na yi. 'Yata ta zana gidanmu da taga ta fi ƙofa girma da wata kyanwa mai ƙafa biyar, na sa shi a firam marar gilashi daidai tsayinta. Duk wanda ya zo sai ta ja shi ya durƙusa ya gani. In ta yi sabo, a ɓalle firam, a musanya, a danna, ƙas. Haka agogon bango in batir ya mutu.

Inda ya tsaya kuwa yana da yawa, kuma kamfanin bai ɓoye ba. Ba a sa shi a kan takardar ado ta bango, ba ya son bulo tsirara ko bango mai gurzau. An hana rataya abu da shi a saman gado. An kuma ce kada a ɗora masa abin da in ya fashe ba a samun madadinsa, shi ya sa hoton mahaifin nawa kwafi na sa aka wanko, na asalin yana cikin ambulan a akwati. Akwai maganar zafi: an yi shi ne don tsakanin digiri 10 da 40 na ma'aunin Celsius, in ya haura gam yana iya yin laushi, don haka bangon da rana ke gasawa ta baya yini guda ba wurinsa ba ne. Sai fenti. Gam fenti yake riƙewa, fentin ne ke riƙe bango. Shafa tafin hannunka, in ya fito da farin gari, ko wane irin manne ne tare da fentin zai sauko. Bayan firam ma sai ya zama shafaffe, in akwai waya ko ƙugiya sai an kwance.

Wanda aka cire daga bango ya gama aiki, ba ya komawa. Mai yawan sauye-sauye irina zai riƙa sayen ƙari, kuma in firam ɗin sun yi yawa za a ji a aljihu. Wannan ne ya sa ƙanwata ta kawo mini wani mai kama da shi, marar suna a jikin leda, tana cewa, "Yaya, ai duk gam gam ne." Na gwada shi a ƙaramin firam a kicin. Cikin dare muka ji tartsatsin gilashi, kuma da na zo cire ragowar, harshen ya tsinke a hannuna maimakon ya miƙe. Da zaren goge haƙori na bi bayansa na yanko shi, bayan na ɗan ɗumama wurin da na'urar busar da gashi.

Ga hotuna, zanen yara, agogo marar nauyi da takardun shaida a firam, zan sake saye ba tare da tunani ba. Babban madubinmu mai katako ya haura abin da kwalin ya yarda da shi, don haka na nemi izinin mai gida, mai injin huda bango zai zo ya yi masa ramuka biyu.